Motar Injiniya a Garejina

A shekarun da nake aiki a sashen Hausa na wani gidan rediyo a Washington, ni ne mai riƙe wa mutanenmu makulli. Ba wanda ya naɗa ni. Gidana da ke Beltsville yana da gareji mai faɗi, ni kuma tsohuwar motata a waje take kwana, don ba ta da sauran abin da rana ko ruwa za su lalata. Duk wanda zai tafi gida hutu sai ya biyo ya bar mini wani abu, ko makullin gida, ko na akwatin wasiƙa, ko tukunyar fure, akwai ma wanda ya taɓa kawo mini kifi a cikin gilashi. Ina da wani tsohon gwangwanin alawa da nake zuba makullan, kowanne da 'yar takarda a ɗaure. Ba zan ɓoye ba, ina jin daɗin abin. Albashina bai kai na yawancinsu ba, amma in aka ce "kai wa Malam" to ni ake nufi, kuma wannan suna ya fi mini duk abin da na tara a ƙasar nan.

A cikin masu zuwa gidana shan shayi ranar Asabar bayan la'asar akwai mutum biyu da suka daɗe suna ɗaure mini kai. Ɗaya likita ne, Bakano, muna ce masa Likita. Ɗayan mutumin Maraɗi ne, yana zanen gadoji a wani kamfani a Virginia, muna ce masa Injiniya, kuma shi ne mai dafa mana shayin, don ya ce mu 'yan Najeriya ruwan zafi kawai muka iya. Kowannensu yana da motar tsere, irin gajerun nan masu kujera biyu da cikinsu ke kusan shafar kwalta. Ta Likita ƙirar Jamus ce, ruwan toka. Ta Injiniya ƙirar Italiya ce, ja, ta hannu ya saya, amma in ka ga yadda yake lallaɓa ta sai ka rantse jiya aka sauke ta daga jirgi.

Ni abin da na kasa ganewa shi ne dalilin da zai sa Bahaushe mai hankali ya sayi motar da ba za ta rage wa mutum biyu hanya ba. Mu da in an tashi daga masallaci ake cusa mutum shida a mota, ga wannan ka ɗauki mutum ɗaya ka bar sauran suna kallonka. Ga titunan nan kuma duk da iyakar gudu, ɗan sanda yana laɓe a bayan bishiya yana jira. To ina za a kai gudun? Da yake tambaya ce sana'ata, sai na tambaye su, kowa shi kaɗai.

Likita ya ɗauke ni a tasa wata rana muka hau babban titin da ya zagaye birni. Na shiga da hulata a kai, na zauna daidai, har da wurin ajiye kofi. Ya murɗa makulli ta tashi, ya ja muka tafi, ba wani shiri. Da ita yake zuwa aiki kullum, da ita yake zuwa kanti, ko dusar ƙanƙara ake yi sai ya canja tayoyi ya fita abinsa. Ya ce, "Malam, tun safe har yamma ƙorafi nake saurara. Wannan bayansa, wancan ƙirjinsa. In na gama shif ina son in shiga abin da ba zai ce mini yana ciwo ba. Sau ɗaya a shekara nake kai ta sabis, shi ke nan, mun rabu lafiya."

Shiga ta Injiniya kuwa sai da na cire hula na tattare babbar riga na rungume ta a cinya, sannan na faɗa ciki kamar mai shiga kwami. Da ya tada ta ba mu motsa ba. Muka zauna wajen minti goma yana kallon wata allura, wai sai mai ya ɗumama. Injin a bayan ƙeyarka yake, ƙararsa har cikin haƙori kake jin ta. Da muka zo kan tudun nan da ake yi a titi don rage gudu, sai ya karkace motar ya hau shi a kaikaice, a hankali, yana cije leɓe, mutanen da ke bayanmu suna ta hon. Bakanikenta guda ɗaya ne a duk yankin da ya yarda da shi, wani tsoho a can cikin Virginia, kuma sai ka yi sati uku kana jiran layi. In wani ƙarfe ya lalace, daga Turai ake aikowa. Na ce masa, "Injiniya, wannan ai ba mota ka saya ba, aiki ka ɗauka."

Ya yi dariya ya ce, "Bon, Malam, ai shi ya sa. Ni gada nika zanawa cikin na'ura, wasu su gina, ban taɓa sa hannu bisa ko ɗaya ba. Wagga kuwa in ban kula da ita ba, ta sani. In na kula da ita, ta sani."

Na koma gida ina juya maganar. Na ga ashe ba abu ɗaya suka saya ba ko kaɗan, ko da yake a idona duk gajerun motoci ne marasa kujerar baya. Su kansu ba su taɓa zama sun ga haka ba. Kowace Asabar sai an yi musu. Likita ya ce motar da ke kwana wurin bakanike fiye da gidan mai ita ba mota ba ce. Injiniya ya ce ta Likita firji ce mai taya, ka buɗe ka rufe, ba ta da rai. Injiniya bai taɓa sakin wannan musu ba ko sau ɗaya. Mutum ne mai haƙuri a komai, za ka iya taka shi ya ba ka haƙuri, amma in ka taɓa motar nan sai ya ajiye butar shayi ya gyara zama.

Wata bazara Likita zai tafi Kano hutun sati shida, ya kawo motarsa garejina ya miƙo mini makulli. Na jefa a gwangwani na rufe. Ban taɓa motar ba, ko ƙofarta ban buɗe ba. A gidanmu haka aka koya mana ajiya. Kakana yana da wani ɗaki a zaure da matafiya ke barin kaya, wani ya yi shekara uku bai dawo ba, in ya dawo kuma ya tarar da ƙullin da ya yi wa kayansa da hannunsa yadda ya bar shi. Da Likita ya dawo, ya shiga ya murɗa makulli, ta tashi nan take kamar jiya aka kashe ta. Ya duba lambar tafiyar da ke gaban sitiyari, ya ga ko mil ɗaya bai ƙaru ba. Ranar Asabar ya ba kowa labari. Ya ce, "Ku ji mutum! Na bar masa mota irin wannan sati shida, ko zagaye layi bai yi da ita ba." Na sunkuyar da kai ina cewa ai ba komai, amma a ciki kaina ya kumbura.

Shekarar da ta biyo, farkon sanyi, aka bugo wa Injiniya waya cewa mahaifiyarsa tana kwance a Maraɗi, jiki ya yi tsanani. Cikin kwana biyu ya haɗa tafiya. Inda yake zaune a College Park ba rumfar mota, ga lokacin dusar ƙanƙara ya kawo kai, sai ya kawo ta wurina da safen ranar da zai tashi. Ya shigar da ita da kansa, ya lulluɓe ta da rigarta, ya tsaya yana shafa aljihu. Ya ce ya manta wata 'yar na'ura da yake jona wa batir in zai daɗe bai hau ba, kuma ba lokacin komawa. Sai ya ce, "Malam, ka riƙa tada ta kowane sati, ka tahi da ita yawo kaɗan. Ba ta son zama."

Na ce, "To, Injiniya, kar ka damu. Allah ya ba Hajiya lafiya."

Har ya shiga tasi ya sauke gilashi ya sake cewa, "Ka hau ta hwa, Malam."

Na ɗaga masa hannu. A raina kuwa cewa na yi, Allah sarki, mutumin kirki, yana cikin wannan hali ma bai manta da kara ba. Don ni kara na ɗauki maganar. Irin wadda in ka je gidan mutum ya ce maka gida naka ne, ba wai ka shiga ɗaki ka buɗe akwati ba. A yadda aka tashe mu, in mutum ya ce ka ɗauki abinsa, sai ya faɗa sau uku kafin ka san da gaske yake. Na lissafa, sau biyu ya faɗa. Ban da haka ma, ni da na ga yadda yake cije leɓe a kan tudun titi, ina ni ina fita da motar nan? In wani ya goge ta a hannuna, da wane ido zan dube shi? Ga kuma yabon da Likita ya yi mini bara yana nan a kunnena. Na jefa makullin a gwangwani.

Maiɗakina ta ji abin da ya ce, don tana bakin ƙofa. Bayan sati biyu ta ce, "Malam, ba cewa ya yi ka riƙa tada ta ba?"

Na ce, "Ke ba ki san kara ba ne?"

Ta ce, "Na san kara. Amma mutumin da uwarsa ke kwance ba shi da lokacin yi maka kara har sau biyu."

Na ce mata ta bar mini harkar ajiya, ni na gaje ta. Ta ce to, ta koma kicin. Ina da wannan hali, in na riga na yanke cewa abu mutunci ne, ko wa ya zo da hujja sai in ga kamar so yake ya rage mini daraja.

Sanyi ya shigo sosai. A garejin nan muke ajiye buhunan shinkafa da gero da muke saya a wani kantin 'yan Afirka a Landover, a jingine da bango, taku biyu daga motar. Duk lokacin da na shiga ɗibar shinkafa sai in tsaya in dube ta a lulluɓe. Wani lokaci in ɗaga gefen rigar in leƙa jan fentin, in yi ta mamakin yadda aka yi ƙarfe ya lanƙwasu haka. Sau da yawa na so in buɗe in zauna kawai, in riƙe sitiyarin in ji abin da yake ji, amma sai in saki rigar in fita, ina yaba wa kaina. Injiniya yakan bugo jefi-jefi. Bayan mun gama maganar jikin Hajiya sai ya ce, "Ya mutuniyar?" In ce, "Tana nan lafiya lau, ko ƙuda bai sauka a kanta ba." Ya ce madalla. Hankalinsa yana wani wuri, bai tsaya ya auna amsar ba.

Hajiya ta rasu a wata na uku. Ya zauna aka yi sadakar arba'in, ya daidaita al'amuran gida, sai da ya cika wata huɗu da 'yan kwanaki sannan ya dawo, ya rame, furfura ta fito masa a gemu. Muka je muka yi masa ta'aziyya. Bayan kwana uku, da hantsi, ya zo ɗaukar mota. Na fito da makullin daga gwangwani na miƙa masa da hannu biyu, na ce, "Ga ajiyarka, Injiniya. Duba lambar, yadda ka bar ta haka take."

Ya dube ni, ya karɓi makullin. Ya yaye rigar. Ya danna makulli, ƙofa ba ta amsa ba, sai da ya zura ƙarfen ya buɗe da hannu. Wani wari ya bugo mu. Ya zauna ya murɗa, ko ƙyas. Ya fito ya zagaya baya ya ɗaga murfin injin, ni ma na matso na leƙa. Ɓeraye ne suka yi gida a ciki. Sun kwaso shinkafata da gerona sun tara a lunguna, sun yayyaga soson da ke jikin murfin sun yi shimfiɗa, wayoyi kuma sun ci su har jan ƙarfen ya fito. Tayoyin ma sun zauna ta gefe ɗaya saboda daɗewa a wuri guda.

Ya ce, a hankali, "Malam, ba ka tada ta ba?"

Na ce, "Na ɗauka kara kake yi mini."

Ya daɗe yana kallon injin. Ni kuwa na rasa inda zan sa kaina. Da ya yi faɗa da na samu sauƙi. Sai kawai ya sa hannu ya ɗebo shinkafar ya zubar a ƙasa, ya sake ɗebowa, kamar ba shi da wani aiki a duniya sai wannan. Na ce masa gyaran a wuyana yake, ko me zai ci. Ya ce kar in sake faɗin haka. Ya kira janwe ta zo ta ɗauke ta zuwa wurin tsohon nan na Virginia. Maiɗakina ta kawo masa ruwa ya sha, ita kuma ba ta ko dubi inda nake ba, wanda ya fi mini zafi a kan ta yi magana.

Kwana huɗu tsakanin ranar da Asabar, ban ci abincin kirki ba. Na san za a tambayi motar, na san kuma amsar gajeriya ce: an ce wa Malam ya yi abu, bai yi ba. Daga nan kuma kowa zai fara tunanin furensa da makullin gidansa. Ba wanda zai zage ni, mutanenmu ba sa haka. Za dai a daina biyowa ne kawai, in ji wane ya tafi gida ya dawo ban sani ba. Na shirya abin da zan faɗa, na maimaita shi a mota a hanyar ofis, yadda nake maimaita labarai kafin in shiga ɗakin watsawa.

Ranar Asabar muka zauna a bayan gida, mu bakwai ko takwas. Injiniya yana kan 'yar kujerarsa yana fifita gawayi. Ba a gama zagayen farko na shayi ba Likita ya ce, "Injiniya, ina amaryar? Na ga a tasi ka zo."

Injiniya ya ce, "Tana wurin bakanike. Ta ƙi tashi."

Likita ya tafa hannu ya kwashe da dariya har hularsa ta zame. Ya ce, "Jama'a ku zama shaida! Gareji ɗaya, hannun mutum ɗaya. Tawa ta kwana a nan, na murɗa ta tashi. Tasa ta kwana a nan, sai janwe. Yau kuma me za ka ce?"

Ba gaskiya ba ne, kuma na sani. Ta Likita sati shida ta yi da zafi, ta Injiniya kuwa wata huɗu a cikin sanyi kusa da buhun gero, kuma mai ita ya faɗi abin da take bukata. Na gyara murya na ce, "Likita, ai maganar ba haka..."

Sai Injiniya ya miƙo mini kofin shayi, ya tura shi cikin hannuna har sai da na karɓa, ya riƙe yatsuna kaɗan kafin ya saki. Bai dube ni ba. Likita yake kallo. Ya ce, "Gaskiyarka, Likita. Halinsu ne, motocin Italiya. Ka bar su kaɗan sai su yi hushi. Malam ya yi iyakar ƙoƙarinshi."

Wurin ya kaure da shewa. Mutumin da shekara da shekaru bai taɓa sakin musun nan ba, yau ya sallama da bakinsa. Wani ya ce a rubuta ranar. Likita ya tashi ya ba shi hannu, yana cewa ai girma ne mutum ya karɓi gaskiya. Injiniya ya yi murmushi ya koma kan butarsa. Ni kuwa ina riƙe da kofin, shayin yana ƙona mini yatsu, na kasa sha na kasa ajiyewa. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, na kuma ji sauƙi, sauƙin ne ma ya fi ba ni kunya.

Motar ta yi wata biyu kafin ta dawo. Injiniya ya ci gaba da hawanta, ya ci gaba da hawa tudun titi a kaikaice, amma musun Asabar ya mutu, don duk lokacin da ya buɗe baki Likita zai ce a tuna garejin Malam, sai ya yi dariya ya bar maganar. Sau ɗaya na same shi shi kaɗai na ce ya bari in faɗa musu yadda aka yi. Ya ce, "A'a, Malam. Na riga na hwaɗi tawa. In ka hwaɗi taka yanzu, ka maishe ni maƙaryaci." Daga nan bai sake yarda mun tada maganar ba, har aiki ya mayar da shi wata jiha muka koma gaisawa ta waya.

Likita yana nan, ya canja mota sau biyu, duk ƙirar Jamus. Har yanzu in wani matashi cikin mutanenmu ya samu buɗi ya fara sha'awar irin motocin nan, wurinsa ake turo shi neman shawara, shi kuma ba ya gajiya da labarin. Yakan ce shi ba a takarda ya karanta ba, gwaji aka yi a gabansa, gareji ɗaya, hannun mutum ɗaya, mutumin da kowa ya san ba ya wasa da amana. Sannan ya waiwayo ya nuna ni ya ce, "Ga shi nan zaune, tambaye shi. Malam, ba haka aka yi ba?"

Ni kuma sai in ce, "Haka aka yi."